Akwatin Talabijin: Naka Ne Ko Na Haya? Amsoshin Wasiƙunku Daga Saudiyya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa kusan duk kan abu ɗaya suke, wato ɗan akwatin nan da ke zaune ƙarƙashin talabijin, wanda a gida Najeriya da Nijar ake ce wa dikoda, a nan kuma aka fi kiransa risiba. Mun zaɓi biyar, mun rage tsawon wasu.

Assalamu alaikum. Ina zaune a Makka, wajen Shari'a Mansur. Shekara uku ke nan da na ja intanet ɗin faiba a gidana haɗe da tashoshin talabijin, kamfanin ya kawo mini ɗan baƙin akwati. Duk wata ina ganin riyal 25 a faturata, takardar kuɗin wata, da sunan jihaz, wato na'ura. Da na ce zan daina, sai aka ce in mayar da akwatin ko in biya kuɗinsa. Ashe duk abin da na zuba, har yau bai zama nawa ba? — Wani magidanci, Makka

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara da lissafi. In riyal 25 ɗin nan kafin haraji ne, to ɗora masa kashi 15 cikin ɗari na harajin saye da ake karɓa tun 1 ga Yulin 2020, ya zama riyal 28.75. A wata 36 ka biya riyal 1,035 ke nan. Kuɗi ne da ya isa ya sayi akwati irin wannan fiye da sau ɗaya, amma yawan abin da ka biya ba shi ne ke mayar da akwati naka ba. Takardar da ka sa wa hannu, ko ka danna wa "na yarda" a waya, ita ce ke yanke hukunci.

Nemo kwantiragin ka duba kalmar da aka rubuta a gefen jihaz ɗin. In ka ga taƙsiɗ, sayar maka aka yi kana biya kashi-kashi, kuma dole akwai adadin watanni, yawanci 12 ko 24. Ranar da suka cika akwati ya zama naka, duk abin da aka ci gaba da cira bayan nan kana da haƙƙin neman a dawo maka da shi. In ka ga ijar, haya ce tsantsa, ko shekara goma ka yi kana biya ba ka mallaki ko rimot ɗinsa ba. Akwai kuma uhda, wato amana aka ba ka: ba lallai a caje ka kowane wata ba, amma kayan kamfani ne, in ya ɓata ko ya fashe kai za ka biya. Ta huɗun ita ta fi kama mutane, wadda mai talla zai ce maka majjanan, kyauta. Kyautar tana ɗaure da iltizam, alƙawarin cewa za ka zauna da su wata kaza. Ka fita kafin lokacin, sai garama, wato tara, ta biyo ka, kuma sau da yawa kuɗin akwatin ne aka raba bisa watannin da suka rage.

Daga yadda ka bayyana, naka ya fi kama da ijar. Amma kada ka biya komai tukuna. Ka nemi su turo maka kwafin kwantiragin da ranar da aka fara cirar kuɗin. In sun kasa nuna inda ka amince da wannan layi na fatura, ka samu abin riƙewa.

Wani zai ce, to me ya hana tun farko mutum ya sayi akwatin kasuwa ya jona? Abin da ya hana shi ne kulle. Tashoshin kuɗi a rufe suke zuwa, kuma mabuɗin buɗe su an ɗaure shi da wata lamba da aka ƙona a cikin ƙwaƙwalwar akwatin tun daga masana'anta. In da kati, katin ma an aurar da shi ga wannan akwati ɗaya, ka zare ka sa a wani ba zai buɗe ba. Kamfanoni na cewa don hana satar kallo ne, kuma da gaskiyarsu a nan. Sai dai wannan kullen shi ne kuma ya hana kowa gasa da su a farashin akwatin.

Rigimar ba ta nan kaɗai ba ce. A Amurka, inda talabijin na kebul ya yaɗu, wasu sanatoci biyu, Edward Markey da Richard Blumenthal, sun binciko a 2015 cewa gida ɗaya na kashe kusan dala 231 a shekara kan hayar akwati kawai, wato kamar riyal 866 a canjin 3.75, kuma jimillar abin na kusan dala biliyan 20. A 2016 hukumar sadarwarsu, FCC, ƙarƙashin Tom Wheeler, ta kawo shawarar a tilasta wa kamfanoni su bar mutane su yi kallo da na'urar da suka ga dama. Kamfanonin suka tayar da jijiyar wuya, aka ɗage ƙuri'a a watan Satumban shekarar, da gwamnati ta sauya a 2017 kuma aka jingine maganar. Abin da ya tsira shi ne wata doka ta 2019, wadda ta fara aiki a Disambar 2020, da ta hana a caji mutum hayar na'urar da shi ya sayi abarsa. Wannan dokar Amurka ce, ba ta aiki a Makka, mun kawo ta ne don ka ga inda aka fi kai ruwa rana ma ba a kashe hayar ba.

In ta tabbata haya ce, ga yadda za ka mayar ba tare da an sake biyo ka ba. Juya akwatin, akwai farar takarda manne a ƙasansa mai lambar siriyal, ɗauki hotonta. Haɗa duk abin da ya zo a kwali: akwati, rimot, adaftar wuta, wayar HDMI, da kati in akwai. Adaftar nan ita ake yawan mantawa a bayan kabad, kuma ana iya lissafa maka ita daban. Kai su reshen kamfanin da kanka, ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar siriyal da kwanan wata. In ma'aikaci ne ya zo gida karɓa, kada ya sauka daga bene sai saƙon karɓa ya shigo wayarka. Sannan ka nemi lambar soke ishtiraki, wato rajistarka da kamfanin, domin mayar da akwati daban, rufe layi daban. Mutane da yawa sun miƙa akwati sun tafi, fatura ta ci gaba da fita da sunan iƙamarsu, wato katin izinin zamansu, ba su farga ba sai da suka je buɗe sabon layi ko bashin ya bayyana a rajistar SIMAH, mai tattara bayanan bashin mutane.

Idan kuka kasa daidaitawa, shigar da ƙorafi a manhajar kamfanin ko ta layin kiransu, ka rubuta lambar ƙorafin. Kwana biyar suke da shi. In sun wuce ba amsa, ko suka rufe ƙorafin ba ka gamsu ba, sai ka ɗaukaka zuwa Hukumar Sadarwa, Sararin Samaniya da Fasaha, wadda ake taƙaitawa CST, ta shafinta na intanet, kana mai saka wannan lambar da hoton fatura da kwantiragi. Ba a fara zuwa hukuma kai tsaye, za su mayar da kai wajen kamfanin. Wannan hanya ta kamfanonin waya da intanet ce. Masu sayar da tashoshin dish kuwa lasisinsu na hannun hukumar kula da kafofin yaɗa labarai ne.

Na dawo daga hutu a Kano da dikodata, irin mai eriyar nan, don yara su riƙa ganin tashoshin Hausa. Mun jona, ta kawo wuta lafiya, amma ko tasha ɗaya ba ta kamo ba. Ta lalace a hanya ne? — Wata uwargida, Jidda

Hajiya, lafiyarta ƙalau, wurin ne ba nata ba. Dikoda mai eriya, irin GOtv ko StarTimes ta eriya, ba daga tauraron ɗan'adam take ɗauko hoto ba. Daga dogon ƙarfen watsa shiri da ke cikin gari take ɗauka, kuma ƙarfinsa ba ya wuce 'yan kilomita gommai. Wanda ke Kano, ko Zariya ma ba lallai ya kai ba, balle ya tsallako Bahar Maliya.

Ko da mai dish kika kawo, da wuya ta yi. Kowane tauraro yana haska yankin da aka nufa da shi ne kamar tocila, kuma hasken da aka saita wa Afirka ta Yamma yana raunana tun kafin ya iso nan. Ga shi kuma ishtirakin na ƙasar da aka saye shi ne. Kada ki bari wani mai gyara ya sa ki sayi dish ɗin mita biyu a kan "wataƙila".

Hanya mafi sauƙi ita ce intanet. Tashoshin Hausa da dama suna da manhaja ko suna sa shirye-shiryensu a YouTube, Arewa24 ma tana da tata manhajar. In talabijin ɗinki mai shiga intanet ne shi ke nan, in ba haka ba ƙaramar na'ura mai shiga ramin HDMI ta wadatar. Ki lura da data kawai: hoto mai kyau na cin wajen giga 2 zuwa 3 a awa, saboda haka a jona da waifai na gida, ba layin wayar hannu ba. Dikodar kuma ki adana ta, in Allah ya kai ki gida za ta yi aiki.

Akwai wani da ke sayar da risiba a unguwarmu, ya ce in na ba shi riyal 200 zai sa mini kod na shekara guda, duk tashoshin ƙwallo da finafinai su buɗe. Abokaina biyu sun saya yana yi musu. Mene ne aibinsa? — Ɗalibi, Madina

Ɗan'uwa, tambayi abokan naka bayan wata huɗu, musamman daren babban wasa.

Abin da yake sayarwa ɗayan biyu ne. Ko dai hoto daga dish yake zuwa amma mabuɗin buɗe shi ana turo shi ta intanet daga katin wani, duk 'yan daƙiƙu sabon mabuɗi, shi ya sa da intanet ya ɗan yi jinkiri hoton ke daskarewa. Ko kuma tashoshin gaba ɗaya ana sato su ana sake watsawa daga wata uwar garke, wato babbar kwamfuta a intanet, da ba wanda ya san ƙasar da take. A duka biyun ba ka da kwantiragi, ba fatura, ba inda za ka kai ƙara. Ranar da aka rufe uwar garken, sauran watanninka sun bi ruwa, mai shago zai ɗaga kafaɗa ya ce ai ba daga wajensa ba ne. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Da yawa suna ɗauka abin halal ne saboda sun tuna zamanin beoutQ. A 2017, lokacin saɓanin ƙasashen Gulf da Qatar, tashoshin wasanni na beIN, mallakar Qatar, suka daina sayar da ishtiraki a nan, sai akwatunan beoutQ suka cika kasuwa suna nuna wasannin, har zuwa 2019 da suka ɗauke. Maganar ta kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fitar da hukunci a 2020, kuma bayan sulhun Al-Ula na 2021 aka sake buɗe wa beIN ƙofa. Yau Hukumar Kare Haƙƙin Mallakar Fasaha ta Saudiyya tana rufe shafukan satar kallo tana kuma bin shagunan da ke sayar da irin waɗannan na'urori. Baƙo mai zama da iƙamar karatu bai kamata ya sa kansa kusa da wannan ba.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. An sha gano akwatunan Android marasa suna da ke zuwa da muguwar manhaja a cikinsu tun daga kwali, suna amfani da intanet ɗin gidan don harkokin wasu. Wannan akwati zai zauna a waifai ɗaya da wayar da kake buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, da asusun bankinka. In ƙwallo ce damuwarka, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar a ɗaki ku yi ishtiraki na gaskiya na wata ɗaya lokacin gasar da kuke so, ku soke in ta ƙare. Ku kashe sabuntawa ta kai-tsaye tun ranar farko.

Imarar da muke ciki, wato benen haya, tana da dish na gamayya, mai gida na karɓar riyal 100 a shekara daga kowace shagga, wato sashen kowane ɗan haya. Amma tun da na sa risiba ta biyu a ɗakin yara, rabin tashoshi ke ɓacewa, wani lokaci su dawo da kansu. Haris, wato mai gadi, ya ce talabijin ɗina ne. — Wani direba, Jidda

Malam, talabijin ɗinka bai yi laifi ba. Muna kyautata zaton ka raba waya ɗaya gida biyu da ɗan ƙarfen nan mai baki uku. Ga abin da ke faruwa.

Tashoshin tauraro ba a dunƙule suke saukowa ba, kashi huɗu ne: na tsaye da na kwance, kowanne kuma da na ƙasa da na sama. Risiba ce ke aika saƙo ta cikin wayar tana faɗin kashin da take so. In ta tura bolt 13 tana son na tsaye, bolt 18 na kwance, in ta ƙara wani sauti na kilohaz 22 tana son na sama. Waya ɗaya kashi ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda. To in ta falo tana tura 13, ta ɗakin yara tana tura 18, mai 18 ce ke rinjaye, kai kuma duk tashoshin tsaye su ɓace maka. Da yara sun canza tasha ko sun kashe, sai naka su dawo "da kansu". Gwada ka gani: zare ta ɗakin yara daga wuta gaba ɗaya, ba kashewa da rimot ba, ka bi tashoshin.

Maganin shi ne kowace risiba ta samu wayarta daga tushe. A imara mai dish na gamayya akwai akwatin rabawa, maltisuwic, yawanci a ɗan ɗakin da ke saman bene. Ka sa haris ya buɗe a duba ko akwai bakin da ba kowa, a ja sabuwar waya RG6 daga nan zuwa ɗakin yara. In duk bakunan sun cika, sai mai gida ya sauya babba, kuma a ganinmu irin wannan ne amfanin riyal 100 ɗin da yake karɓa. Ka duba kwantiraginka na Ejar, shafin gwamnati na rajistar hayar gida, ko an rubuta wannan kuɗi da abin da ya ƙunsa. In ba a rubuta ba, lokacin sabuntawa ka nemi a sa.

Wajen sayen waya ka tafi da ɗan maganaɗisu. In ya manne wa zaren tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma a doguwar tafiya, kamar daga rufin bene mai hawa biyar, yana zubar da wuta har bolt 18 ya kasa isa, tashoshin kwance su fara yankewa. Wanda bai manne ba shi ne jan ƙarfe zalla. Wajen ɗaura kan wayar, zaren tsakiya ya leƙo kamar milimita 2 daga bakin, kuma ko silin gashi ɗaya na ragar waje kada ya taɓa shi, in ya taɓa risiba za ta nuna gargaɗin shot ko ta ɗauke sigina duka. A Jidda iskar teku da laima na cin kawunan da ke waje, ka kwance ɗaya za ka ga ya yi kore ko fari kamar gishiri. A yanke a sa sabo, a naɗe da tef ɗin roba mai kama jikinsa, a ɗan lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don raɓa ta ɗiga waje.

In imarar na da tauraro biyu, Nilesat a digiri 7 yamma da Arabsat, wato Badr, a digiri 26 gabas, sai ka shiga saitin sabuwar risibar ka ba kowanne lambarsa ta DiSEqC, wadda risiba ke zaɓen tauraro da ita, daidai da ta falo. Saitin LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓo sigina, ya kasance a kan 9750 da 10600. Daga Jidda Nilesat yana can yamma maso kudu, ɗagowarsa kamar digiri 33 kawai, shi ya sa tankin ruwa ko sabon gini a wannan gefen ke iya tare shi, alhali Badr yana sama sosai wajen digiri 61. Kuma a allon sigina layin inganci za ka kalla, ba na ƙarfi ba. Ƙarfi na iya nuna 90 ko da dish ɗin ya kauce.

Abu ɗaya da ba na gyara ba: a cikin watan Maris da farkon Oktoba rana kan bi ta bayan tauraro daidai, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci kullum har kwana kaɗan. Na Nilesat wajen la'asar yake faɗowa. Kada ka biya kowa a kan wannan.

Risibata da na saya da kuɗina ta mutu bayan wata 14. Mai shago ya ce damaninta, wato garanti, shekara ɗaya ne. — Wani tela, Makka

Maigida, ka'idar Ma'aikatar Kasuwanci ita ce kayan wuta da na lantarki damaninsu ba ya gaza shekara biyu, kuma wakilin kamfanin da ya shigo da kayan ne ke ɗauke da shi. In faturarka na nan, koma da ita. Ya ƙi, ka kira 1900 ko ka shigar da ƙara a manhajar Balagh Tijari da hoton faturar. Rasit ɗin nan na takarda mai sheƙi yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin Makka, saboda haka duk wanda ya sayi kaya ya ɗauki hotonsa ranar. Damani ba ya rufe abin da ruwa ya shiga, ko wanda aka buɗe, ko aka ɗora masa manhajar buɗe tashoshi.

Kafin ka fita, gwada adafta. Yawancin ƙananan risibobi bolt 12 suke ci, kuma adaftar ce ke fara mutuwa: fitila ta riƙa ƙiftawa, ko akwatin ya tsaya a tambarin farko yana ta sake tashi. Ari wata mai bolt 12 daidai, amfiya ɗaya da taka ko sama da haka, mai baki iri ɗaya. Bolt kada ya wuce ko ya gaza, amfiya ce kawai ba laifi in ta fi. In ta tashi, ka sayi adafta ka huta, sannan ka fitar da risibar daga bayan talabijin ko cikin rufaffen kabad, ka kakkaɓe ƙurar zare da ta toshe ramukan iskarta.